Yadda Ake Yaƙar Tsutsar Saiwa a Lambu da Darbejiya da Sauran Tsirrai

Akwai asarar da mai lambu ke tafkawa ba tare da ya ga ɓarawonsa ba. Ka dasa tumatir, ka ba shi ruwa a kan kari, ka zuba taki, amma da rana ta take sai ka ga ya yi yaushi kamar ya kwana uku bai sha ba. Da yamma ya ɗan farfaɗo. Ganyen ƙasa ya soma rawaya, tsayi ya tsaya cak, fure ya zube, 'ya'yan da suka tsira su fito ƙanana. Kuma ba duk gonar ba: nan shuka ta tsumbure, taku goma gaba ta yi shar. Yawancinmu sai mu ƙara buhun taki, ko mu goya famfo mu wanke ganye da maganin ƙwari. Kuɗi ya tafi, ciwo yana nan, domin an bar jaki ana dukan taiki. Ɓarnar a ƙarƙashin ƙasa take.

Masana suna kiran mai wannan aika-aika nematod, jinsin Meloidogyne. Mu ce mata tsutsar saiwa. Ba tana ba ce, ba gwazarma ba ce, ba gara ba ce. Ƙaramar da ke yawo cikin ƙasa ba ta kai rabin milimita ba, ido ba ya ganinta. Takan huda saiwa ta shige, ta zauna wuri guda tana tsotso, sai wurin ya kumbura ya yi ƙulli. Mace ɗaya tana zuba ƙwai ɗaruruwa, kuma a ƙasa mai ɗumi irin tamu, daga ƙwai zuwa sabuwar mai ƙwai mako uku zuwa huɗu ne. Kafin ka gama tsinkar tumatir ta hayayyafa sau uku ko huɗu. Ta fi son ƙasa mai yashi da ake ba ruwa kullum, kuma cimarta ita ce dukiyar mai noman rani: tumatir, tattasai, attaruhu, kuɓewa, yalo, karas, latas, kankana, kokwamba, har da wake.

Mataki na farko: tabbatar ita ce

Kada ka daka ko ƙwara ɗaya ta darbejiya sai ka tona. Zaɓi shuka uku ko huɗu daga gefen wurin da ya tsumbure, waɗanda ba su riga sun mutu ba. Kada ka fizge da hannu, ƙananan saiwoyin za su tsinke su bar shaidar a ƙasa. Sa fartanya ka ɗago da ƙasar, ka wanke a bokiti. In ka ga saiwar ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, wani wurin ta kumbura kamar yatsa, to ita ce.

Mai wake da gyaɗa ya kula, domin su suna da nasu ƙullin na alheri mai tara musu taki daga iska. Shi wannan a gefen saiwa yake manne, kana murzawa da yatsa zai ɓalle, in ka fasa cikinsa ja-ja ne. Na tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya ɓallewa sai ka karya ta.

In saiwa fes take amma shuka na yaushi, yanko karan daga gindi ka tsoma bakinsa a kofin gilashi mai ruwa garau. In bayan 'yan mintuna ka ga wani farin zare kamar madara yana sauka, wannan ciwon yaushi ne na bakteriya, darbejiya ba za ta yi masa komai ba. Sau da yawa ma su biyun tare suke tafiya, don ramin da tsutsa ta huda ta nan cutar ke shiga.

Wanda zai karɓi hayar fili kuma yana son sanin abin da ke ciki tun kafin ya biya, ga dabara mai arha: ɗebo ƙasa daga wurare kamar goma a filin, zurfin taƙi guda, ka cakuɗa, ka cika tsofaffin bokitai biyu, ka shuka kuɓewa. Bayan mako biyar ka zazzage ka duba saiwar.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka wahalar da kanka

Maganin da ake haɗawa daga tsirrai ba ya warkar da saiwar da ta riga ta kumbura. Tsutsar da ta shige ciki ta sami mafaka. Wadda kake iya kaiwa gare ta ita ce ƙaramar da ke yawo a ƙasa tana neman saiwa, sai kuma ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba. Saboda haka aikin nan na ƙasa ne ba na ganye ba, kuma mafi yawansa kafin dashe ake yi. Duk wanda ya ce maka ka fesa ruwan darbejiya a ganye don tsutsar saiwa, ya haɗa ta ne da ƙwarin sama. Sannan ba ya ƙarar da ita ƙarƙaf. Rage ta yake yi har shukarka ta samu makonni shida na farko ta kafa saiwa lafiya, kuma wannan tazarar ita ke raba mai riba da mai asara.

Wasu za su ce ai akwai Furadan, maganin ƙwarin nan na kanti da ake barbaɗawa a ƙasa. Akwai shi, amma guba ce mai tsananin ƙarfi ga mutum da kaji da tsuntsaye, Tarayyar Turai ma ta daɗe da hana amfani da shi. Barbaɗa shi da hannu tsirara a gindin latas ko karas da za a ci ɗanye ba dabara ba ce.

Mataki na biyu: tara 'ya'yan darbejiya

Darbejiya, ko dogonyaro, ko maina, ko bedi, duk itace ɗaya ne. Asalinsa daga yankin Indiya yake, an kawo shi Borno a 1928, yau kuwa babu garin da ba ya shan inuwarsa. A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye kowane ganye ta bar na darbejiya. A 1968 aka ware sinadarin da ke wannan aiki a Ingila, aka sa masa suna azadiraktin. Yana cikin ganye, amma ya fi taruwa a ƙwayar da ke cikin ƙwallon, shi ya sa ƙwallon ya fi ganye daraja nesa ba kusa ba.

Lokacin da 'ya'yan suka nuna suka yi rawaya suna zuba, share gindin itacen ka riƙa tsincewa. Inda jemagu ke kwana ma sun rage maka aiki, sun tsotse naman sun yar da ƙwallon. Waɗanda ke da nama a jiki ka murje su cikin ruwa, ka wanke. Shanya a inuwa mai iska, kan tabarma ko buhu, har su bushe ƙayau. Rana mai zafi tana rage musu ƙarfi. Zuba a buhun algarara ko kwando, kada ka ƙulle a leda, za su yi fumfuna. Ƙwayar kirki in ka fasa cikinta kore-kore ne ko ruwan ƙasa mai haske. Wadda ta yi baƙi ta lalace. Abin da ya shekara a ajiye kuma ƙarfinsa ya ja baya, gara sabo.

Sai daka. Keɓe turmi na musamman, domin in ka ari na uwargida, tuwon gidan zai yi sati yana ɗaci, kuma kai za ka amsa tambaya. Fara da surfe a hankali don ɓawon ya fashe, ka sheƙe, sannan ka dake ƙwayar ta yi laushi. In don binnewa a ƙasa ne, ba sai ka cire ɓawo ba, dake su gaba ɗaya. Inda ake matsar man darbejiya don sabulu kuwa, tunkuzar da ta rage ita ce abin nema. Saye ta ya fi daka sauƙi, kuma taki ce a karan kanta.

Mataki na uku: fara da wurin rainon dashe

Nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci. Tsutsar nan da ƙafarta ba ta yin nisa, da ƙyar ta yi mita ɗaya a shekara. Mu ne ke ɗaukar ta: a saiwar dashe, a ƙasar da ta manne wa fartanya da takalmi, a ruwan da ya ratsa komin da ke da ita ya gangara na gaba. Mutum ya sayi dashe ɗauri-ɗauri a bakin hanya, bai duba saiwa ba, ya kai gonarsa mai lafiya, ya dasa wa kansa ciwon shekaru.

Zaɓi wurin da ba a yi tumatir ko danginsa ko kuɓewa ba a shekarun baya, kuma wanda ruwan wata gona ba ya bi ta kansa. In kana da hali a bazara, tsakanin Maris da Mayu, kaftu wurin, ka farfasa ɓurɓushin ƙasa, ka jiƙa shi sharkaf, ka shimfiɗa farar leda mai nuna ciki, ka binne gefunanta kada iska ta shiga. Bar ta mako huɗu zuwa shida. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashi yana dafa tsutsar da ƙwanta a saman ƙasa, har da irin ciyawa. Baƙar leda ba ta kai fara a wannan aiki. Wanda bai samu leda ba, tsohuwar dabarar tara kara da yayi a ƙone a kan wurin tana taimakawa, ko da yake zafinta ba ya nitsa sosai.

Bayan haka, auna wurin. Kowane murabba'in mita, wato taku ɗaya babba a tsaye da ɗaya a kwance, barbaɗa masa garin darbejiya ko tunkuza giram 100 zuwa 200. Komi mai mita 2 da mita 3 zai ci daga giram 600 zuwa kilo 1 da giram 200. Kai gwangwaninka wurin mai sikeli sau ɗaya ka san nauyin cikinsa, daga nan ka huta da awo. Juya garin ya shiga ƙasa zurfin taƙi guda, ka ba da ruwa, ka ci gaba da jiƙawa duk bayan kwana biyu ko uku.

Sai haƙuri: mako biyu cur, uku ya fi, kafin ka yafa iri. Garin yana ruɓewa ne yana sakin abubuwan da ke kashe tsutsar, ciki har da iskar amoniya, kuma a wannan lokacin ƙananan halittun ƙasa masu cin tsutsar da ƙwanta suna ƙaruwa. Wannan zafin ruɓewar da ke kashe tsutsa shi ne zai ƙone maka tsiro in ka yi gaggawa. Busasshiyar ƙasa kuma ba ta ruɓar da komai, in ka barbaɗa ka tafi ba ruwa, ka yi aikin banza.

Ranar cire dashe, duba saiwar kowane ɗauri. Wanda ka ga ko ƙulli ɗaya a jikinsa, wurga shi wuta, kada ka ji tausayinsa.

Mataki na huɗu: babbar gona

A nan lissafi ke canzawa. Giram 100 zuwa 200 a murabba'in mita yana nufin tan 1 zuwa 2 a hekta, buhu 10 zuwa 20 masu kilo 100. Mai ɗan lambun bayan gida zai iya, mai hekta biyu a Kadawa ko Bakolori da wuya. Mafita ita ce a sa maganin inda saiwa za ta zauna kawai. Haƙa ramukan dashe mako biyu kafin lokaci, ka zuba kimanin giram 20 a kowanne, ka cakuɗa da ƙasa da ɗan ruɓaɓɓen taki, ka ba da ruwa. Ko rami 25,000 ne a hektarka, kilo 500 ya ishe ka. In shi ma ya yi yawa, fara da wuraren da ka san sun tsumbure bara.

Ganye shi ne na mai ƙaramin ƙarfi, don kyauta ne, sai dai yana son yawa. Ɗanyen ganyen darbejiya kamar kilo 1 a murabba'in mita, a sassara, a binne, a jiƙa, a jira mako uku. Ganyen tumfafiya ma ana binne shi haka, kuma an gwada shi an ga yana rage ƙulli. Amma ka sa safar hannu ko leda, ka kiyayi idonka, domin ƙaron nan nata fari yana iya lahanta gani. Ganyen zurma yana aiki. 'Ya'yanta da tunkuzarta sun fi ƙarfi, amma ni ba na ba da shawararsu a gidan da yara da awaki ke yawo, gubar da ke cikinsu tana kisa. Ragowar ganyen kabeji bayan girbi kada ka zubar: daddatsa shi ƙanana, binne nan take, jiƙa, in da leda ka rufe. Yana sakin wani tururi mai yaji da tsutsar ba ta jurewa. Taba kuwa bar ta inda take. Ruwanta guba ne ga mai aikin, kuma tana iya ɗauko wa tumatir cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare.

Kashin kaji da ya ruɓe, in ka haɗa da kowane daga cikin waɗannan, yana ƙara masa ƙarfi.

Mataki na biyar: ruwan darbejiya bayan dashe

Wannan shi ne abin da mutane suka fi sani, amma mataimaki ne, ba shi ne jigo ba. Auna dakakkiyar ƙwaya giram 500, ka ƙulle a tsumma mai tsabta, ka tsoma a ruwa lita 10, wato rabin jarka mai lita 20. Yi haka da yamma, ajiye a inuwa ya kwana. Washegari ka matse tsumman sosai har ruwan ya yi fari-fari kamar tsinkakken koko. Dusar da ta rage ma kada ka zubar, binne ta a komi.

Da la'asar, bayan ka yi ban-ruwa ƙasa ta jiƙa, zuba kofin shayi guda a gindin kowace shuka. Yi a ranar dashe, ka maimaita bayan mako biyu, ka sake bayan wasu biyun. Haɗa na ranar kawai, domin hasken rana da zafi suna lalata sinadarin cikin 'yan kwanaki. Sabulun da ake sawa in za a fesa a ganye, a nan ba a buƙatarsa.

Tafarnuwa ma tana kashe ta, har a Turai akwai maganin tsutsar ƙasa da aka yi wa rajista wanda daga ruwan tafarnuwa aka yi shi. Matsalarta tsada. Ta dace da wurin raino da tukwanen cikin gida: dake giram 100, jiƙa a lita 1 na 'yan sa'o'i, tace, ƙara ruwa ya kai lita 10, ka zuba a ranar. In ta yi kauri tana ƙona saiwa, don haka gwada a shuka biyar, ka jira kwana uku ka gani kafin ka bi sauran. Wannan ƙa'idar gwaji ta shafi duk wani haɗi da ka ji a bakin wani, har da nawa, saboda ƙarfin ƙwaya yana bambanta daga itace zuwa itace, ƙasa ma ba ɗaya ba ce.

Mataki na shida: hana ta abinci tsakanin noma da noma

In ka yi duk abin da ke sama, sannan ka mayar da tumatir kan tumatir shekara biyar a jere, kana ɗiban ruwa ne da kwando. Da ka gama tsinka, tumɓuke kututturan da saiwarsu ka tara ka ƙone. Barinsu a ƙasa kiwon tsutsa ne. A bazara ka kaftu filin sau biyu ko uku, tazarar mako biyu, rana ta gasa abin da ka juyo.

Da damina shuka abin da ba ta so: gero, dawa, riɗi, ko gyaɗa. A rani kuma ka riƙa sa albasa ko tafarnuwa a komayen da suka fi ciwo. Masu yin shinkafa da damina a fadamar da ruwa ke kwanciya wata da watanni sun samu sauƙi, don tsutsar ba ta jure rashin iska.

Akwai kuma furen marigol, mai ruwan ɗorawa ko lemo, mai ƙarfin wari, wanda ake shukawa don ado a gaban makarantu da ofisoshi. Saiwarsa tana fitar da sinadarin da ke kashe tsutsar in ta shiga. Kuskuren da ake yi shi ne a dasa guda biyar a gefen gona a ce an yi magani. Sai an cika komin da shi, tazarar taƙi guda, an cire ciyawa, an bar shi wata biyu zuwa uku, sannan a sare a binne a dasa tumatir. Ciyawar da ka bari a tsakani ita za ta ci gaba da ciyar da tsutsar.

Wajen sayen iri, duba haruffan da ke jikin gwangwani ko fakiti. Harafin N, kamar a VFN, yana nufin irin yana jure tsutsar saiwa. Irin tumatir Roma VF da muka saba da shi babu N a sunansa. Sai dai wannan juriya tana raguwa in zafin ƙasa ya haura digiri 28, don haka ta fi amfani ga dashen hunturu, a bazara kuwa ka rufe gindin shuka da ciyawa ko buntun shinkafa don ƙasa ta yi sanyi.

Mataki na bakwai: auna aikinka

Bar komi ɗaya ba ka sa masa komai ba, ka kafa masa sanda. Bayan mako shida da dashe, tono shuka biyar daga cikinsa da biyar daga wanda ka yi wa magani, wanke, jera su a kan buhu ka kwatanta. A ƙarshen noma ka ƙirga kwandon da kowanne ya bayar. Ta haka za ka san ko giram 100 ya ishi ƙasarka ko sai 200, ka kuma san ko wahalar ganye ta biya.

In ƙullin bai ragu ba duk da ka bi ƙa'ida, kai samfuri a duba, don akwai nau'in da ya fi sauran taurin kai, har irin mai N ba ya tsayar da shi. Ɗebi ƙasa mai danshi daga gindin shuka kamar goma, zurfin santimita 15 zuwa 20, haɗe da saiwoyin, kusan kilo ɗaya gaba ɗaya. Ƙulle a leda, rubuta sunan gona da abin da aka shuka a cikinta shekara biyu baya. Kada ka bar ledar a rana ko a but ɗin mota, zafi zai kashe tsutsar kafin a kai ga dubawa. Miƙa wa malamin gona na yankinku cikin kwana biyu, ko ka kai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ko reshen NIHORT, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, da ke Bagauda a Kano. Manoman Nijar kuma su nemi ofishin INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasarsu, mafi kusa da su.